Fuskokin da Na Goge

Lokacin da aka fara rushe tsofaffin gidajen unguwar Hindawiyya a Jidda, kawuna yana cikin waɗanda suka tashi. Shi ne yayan mahaifiyata, kuma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Kusan duk rayuwarsa ya yi ta ne yana rubuta allunan shaguna da burushi da fenti, har zamani ya kawo injin da ke buga allo kafin mutum ya gama shan shayi, idonsa kuma ya fara rauni, ya ajiye sana'ar. Babban ɗansa ya ɗauke shi zuwa shiggarsa, wato sashensa a wani gidan bene a Aziziyya, hawa na biyu, ɗakuna uku, ga mata ga yara biyar. Ɗakin da aka ware wa Kawu bai wuce ya ɗauki gado da darduma da ɗan ƙaramin kabad ba, don haka aka rarraba kayansa a gidajen dangi. Ni abin da ya faɗo hannuna wata tsohuwar adaka ce ta ƙarfe, koriya, makullinta ya lalace an ɗaure ta da igiya.

Da kansa ya tsaya har aka sa ta a bayan motata. Ya dafa murfin ya ce mini ajiya ce ya ba ni, ba kyauta ba, in Allah ya hore masa wuri zai karɓi abarsa. Na ce to, Kawu. Na kai ta gidana a Safa, na tura ta ƙarƙashin teburin da nake aiki a kai.

Ta yi wata huɗu a nan ban taɓa ta ba. Matata ce ta fara ƙorafin warin kafur da ke fitowa daga cikinta, ta kuma ce in dai takardu ne a ciki gara a duba, don danshin Jidda ba ya barin takarda. Da wannan hujjar na kwance igiyar. Na tarar da tsofaffin burusai a naɗe cikin tsumma, da wasu takardun gida, sai kuma a ƙasa, an jera su a tsanake cikin leda, mujallun zane guda arba'in da 'yan kai. Irin na dā ne, na Larabci, waɗanda ake ba da labari da hoto gida-gida, maganar kowa tana fitowa daga bakinsa a cikin ɗan farin kewaye. Na san da su tun ina yaro, amma ban taɓa riƙe ko ɗaya ba. Kawu ba ya bari yara su taɓa. Mukan hango su ne kawai idan ya buɗe adakar zai ɗauki wani abu.

Labari ɗaya ne ya ratsa su duka: wata yarinya 'yar direban jirgin ƙasa, da take bin mahaifinta, kowane wata su sauka a wani sabon gari ta gamu da wata rigima ta warware. Zanen yana da kyau ƙwarai, hannun gwani ne. Amma kalolin, a idona na wancan lokacin, abin tausayi ne. Ja da shuɗi da rawaya ne kawai, da abin da suka haɗu suka bayar. In ka matso da ido sai ka ga duk ɗige-ɗige ne. Jan rigar direban yakan zame ya fita daga layi ya hau kan wuyansa. Sararin sama da aka buga shuɗi ya koma wani kore-kore saboda tsufan takarda.

Sai kuma wani abu da ya fi ba ni haushi. A kusan kowane shafi, wani ya bi fuskar yarinyar da hannayenta da ƙafafunta ya shafe su da fensir mai ruwan ƙasa. Ita kaɗai, ba a taɓa kowa ba. A wasu shafukan har an ja 'yan layuka a kan gashinta. Na ce a raina, ɓarnar yara ce, shi ya sa Kawu ya hana mu taɓawa.

Ya kamata in faɗi sana'ata. Ina aiki a wata maɗaba'a, ni ne mai tsara zane a kwamfuta: katin biki, takardar jerin abinci ta gidajen cin abinci, allunan shaguna, wato dai aikin da ya kori na Kawu. A shekarun nan kuma na shiga wani rukuni a waya na masu sha'awar tsofaffin mujallun zane, Larabawa ne galibinsu, daga ƙasashe daban-daban. Musun da ba ya ƙarewa a rukunin shi ne ko ya dace a sake wa tsofaffin mujallu kala da kayan zamani, ko a bar su yadda suke. Ni ina cikin masu cewa a sake, kuma ina cikin masu zafi. Hujjata kullum ita ce, mai zanen bai zaɓi waɗannan kaloli uku don yana son su ba, injin zamaninsa ne iyakarsa ke nan, da zai dawo duniya ya ga abin da ake iya yi yanzu da ya yi murna. Na sha rubuta wannan da dogon bayani. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in nuna aikin hannuna, domin ba ni da tsohuwar mujalla ko ɗaya. Yanzu ga arba'in a ƙarƙashin teburina.

Na gaya wa kaina kyauta zan yi wa Kawu. Zan ɗauki hoton kowane shafi, in wanke shi a kwamfuta, in sake masa kala, in buga a takarda mai sheƙi, in haɗa littafi ɗaya babba mai kauri wanda idonsa zai iya gani. Wannan gaskiya ne, na so in faranta masa. Amma da don shi kaɗai ne, da na ɗaga waya na tambaye shi, tsakanin Safa da Aziziyya ba wata tafiya ba ce. Ban tambaya ba domin na san zai iya cewa a'a, ni kuma na riga na fara jin daɗin abin da 'yan rukuni za su ce.

Matsala ta farko, mujallun ba sa kwanciya sosai a kan gilashin na'urar ɗaukar hoto, tsakiyar shafi yakan fito da inuwa. Maganin wannan a wurinmu sananne ne, a yanke gindin a raba shafukan. Na kwashe su na kai wurin aiki. Mai kula da injin yanka takarda a maɗaba'armu wani dattijo ne ɗan Sudan, ya girme ni da kusan shekara ashirin, mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ɗauki guda ɗaya ya buɗe, ya daɗe yana kallo, ya shinshina takardar. Ya ce shi ma ya karanta irinsu yana yaro. Na yi masa bayanin abin da nake shirin yi, har na ɗora masa hujjata ta rukuni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce shi bai yarda mai zanen bai san injinsa ba. Ya nuna mini wani shafi inda aka bar rabin sama fari fat, ya ce wannan mutumin ya san shuɗin zai zame, shi ya sa ya bar masa wuri, ya yi zanensa ne daidai da abin da ke hannunsa, in ka cika wurin da kala ka rufe masa baki. Na yi dariya na ce wannan son tsohon abu ne kawai.

Bai yi musu ba. Ya daidaita mujallun a bakin injin, ya ɗora hannu a kan maɓallin, sannan ya juyo ya dube ni.

"Mai su ya sani?"

Na ce ya sani.

Ya ce ɗayyib, to shi ke nan, ya danna. Wuƙar ta sauko sau huɗu, aka gama da su duka.

Matsala ta biyu ita ce fensirin nan. Na gwada cire shi a kwamfuta, na ga kowace fuska tana cin lokaci, ga fuskoki ɗaruruwa. Sai na gwada magogi a kan takardar kanta, irin farin nan mai laushi da muke amfani da shi a wurin aiki. Ya fita, ba duka ba, amma ya isa. Daga ranar, kullum na dawo daga aiki bayan la'asar sai in zauna a teburin, mukayyif yana hura sanyi, in ɗauki shafi in goge fuskar yarinyar, in hure garin, in ɗora a na'ura. Ban ajiye hoton ko shafi ɗaya ba kafin in goge shi. Ban ga dalili ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Tun a mako na farko na lura cewa wannan ba irin ɓarnar yara ba ce. Yaro in ya samu fensir yakan yi ta kwasar shafi ne ko'ina. Wannan kuwa ba a taɓa fita daga layi ba. An bar fararen idanu, an bar haƙora in tana dariya, an kewaye farce. Layukan kan gashin ma da na duba da kyau, kitso ne, an ja shi daga goshi zuwa ƙeya, wani wata shuku, wani wata a kwance. A wani shafi an sa mata ɗan kunne ƙarami. A mujallun farko hannun yana rawa, ana dannawa da ƙarfi har takardar ta lotsa. Can gaba sai hannun ya nutsu, har ana rage nauyin fensir a kan kunci don haske ya fito. Na ga duk wannan, ni da aikina ke nan. Na tsaya na ɗan lokaci da magogi a hannu, na ce wani ya ɓata lokacinsa a nan. Sannan na ci gaba da gogewa.

Takardar ta tsufa, ba ta jure. A wurare da yawa baƙin layin hanci da na baki ya bi magogin ya tafi. A wasu wuraren ta huje. Ban damu ba, tunda ina iya mayar da layin a kwamfuta. Sai da na ci kusan kashi biyu cikin uku sannan wani a rukuni ya nuna mini hanyar da ake ware kala ɗaya a cire ta cikin sauƙi ba tare da an taɓa takarda ba. Daga nan na ajiye magogin, ba don nadama ba, don na samu abin da ya fi sauri. Mujallu goma sha uku na ƙarshe suka tsira da fensirinsu.

Wata biyar na yi ina aikin. Na ba sama shuɗi mai zurfi da gajimare, na sa wa jirgin ƙasa ƙyalli a jikin ƙarfensa, hayaƙi ya zama hayaƙi sosai. Yarinyar kuwa na mayar da ita yadda maɗaba'ar farko ta nufa, fara mai jan kunci, har na ƙara mata inuwa a ƙarƙashin haɓa. Na riƙa sa shafuka a rukuni, tsoho a dama sabo a hagu. Masu goyon bayana suka yi ta yabo, waɗanda ba sa so suka yi ta faɗa, ni kuma ina jin daɗin duka biyun. Hoton tsohon da nake sawa, wanda na riga na goge ne. Babu wanda ya taɓa ganin fensirin a cikinsu.

Ranar wata Juma'a na kai littafin Aziziyya. Mun ci abinci bayan masallaci, ana shan shayi a falo, yara suna ta kai da kawowa. Na fito da shi daga jaka, bango mai tauri, na miƙa wa Kawu da hannu biyu. Ɗansa ya ce mashallah, yaran suka taru a bayansa. Kawu ya sa tabarau ya buɗe. Da farko bai gane ba, sai da ya ga jirgin. Ya yi murmushi, ya ce kai, ji hayaƙi kamar ka taɓa. Ya tambaye ni a ina na samo sabon bugu, shi bai san an sake buga su ba. Na ce ba a sake ba, nasa ne na cikin adaka na gyara.

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya koma kan littafin. Ya buɗe shafi na gaba, da na gaba, yanzu da sauri, ba ya kallon jirgin, ba ya kallon garuruwan. Ya tsallaka tsakiya, ya tsallaka ƙarshe. Ya rufe, ya ɗora tafin hannunsa a kan bangon. Ya ce aiki ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Ya miƙa wa jikokinsa, suka yi ɗaki da shi suna rige-rige. Aka ci gaba da hira a kan wani abu dabam.

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin matakala, abin da bai saba yi ba saboda gwiwarsa. A nan ya ce, cikin sanyin murya, in kawo masa na asalin yana son ya duba wani abu. Na ce in sha Allahu gobe.

Gobe ta yi ban kai ba. Na ce aiki ya yi yawa. Mako na biyu na ce motata tana gareji, alhali tana ƙofar gida. Ya kira ni sau biyu ina kallon wayar har ta katse. A lokacin ban san abin da fensirin yake nufi ba, abin da nake gudu kawai shi ne ya ga na yanka masa mujallu. Matata ce ta gaji, ta ce mini tsohon nan ba ya kiran mutum sau biyu a kan abin banza, in ɗauka in kai masa ko ita ta kai. A mako na uku na zuba shafukan a kwali na tafi.

Na same shi shi kaɗai da hantsi, yara suna makaranta. Na ajiye kwalin a kan gadonsa na zauna a ƙasa. Ya buɗe, ya ga shafuka warwatse babu gindi. Ya ɗauki na sama ya kai kusa da taga. Fuskar yarinyar a wannan shafin ta zama wani farin tabo mai gashi-gashi, ido ɗaya ya tafi. Ya ɗauki na biyu, ya ɗaga shi sama, haske ya shigo ta hujin da ke inda kuncinta yake. Ya yi ta ɗauka yana ajiyewa. Ni kuma na fara magana, na ce yara ne suka ɓata su da fensir tun da daɗewa, na yi ƙoƙarin tsabtacewa ne, takardar ce ba ta da ƙarfi.

Ya ce, "Ba yara ba ne. Uwarka ce."

Ya zauna a bakin gado ya ba ni labarin, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce lokacin yana ɗan shekara sha bakwai yana koyon rubutun allo, duk wata yakan sayi mujallar nan a wani kanti kusa da Balad, tsohon gari, ita kuma tana 'yar shekara tara. Ba ta iya karatu sosai ba tukuna, shi yake karanta mata. Ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba su biyun, ita kuwa ta ɗauki yarinyar nan kamar ƙawarta. Wata rana ya dawo ya tarar ta shafe mata fuska da fensirin makaranta. Ya tambaye ta dalili, ta ce so take ta zama 'yar gidansu. Ya ce ya mare ta, mari sosai, har kakarmu ta fito daga kicin. Ta yi kusan wata ba ta yi masa magana ba. Amma da sabuwar mujalla ta zo, ya ɓoye ta a saman kabad, ta hau kujera ta ɗauko ta shafe, ta mayar. Haka wata na gaba. Ya ce daga baya ya gaji da ɓoyewa, in ya gama karantawa sai ya ajiye mata a kan tabarma ya fita. Da fensirin ya ƙare har ba ya riƙuwa, shi ya sayo mata na biyu, shi ya sayo na uku.

Ya ce bai taɓa ba ta haƙuri a kan marin ba. Sun girma, ta yi aure, ta haife mu, maganar ba ta sake tasowa ba. Bayan rasuwarta ne ya fito da su ya sa a leda.

Mahaifiyata ta rasu ina da shekara ashirin da uku. Ba ta yi nisa a makaranta ba, ba ta bar wasiƙa ko littafi ba, hotunanta ma ba su fi biyar ba, duk na takardun hukuma ne, ba ta murmushi a ko ɗaya. Ban taɓa ganin ta riƙe fensir ba. Na san ta da girki da ɗinki da faɗa a kan sallah. Wata biyar ina zaune da aikin hannunta a gabana, na ga kitson, na ga ɗan kunnen, na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, na hure garin a ƙasa matata ta share.

Na so in yi kuka ban iya ba, kunya ta hana. Na ce, Kawu ka yafe mini. Ya ce halas, ya wuce, ai ban sani ba. Wannan kalmar ta fi mini zafi, domin na san iyakar inda rashin sanina ya tsaya. Ban gyara masa ba. Na bar shi a kan cewa ban lura da komai ba, har yau kuma a kan haka yake.

Sai na tuna da sha ukun nan, na tono su daga ƙasan kwalin na miƙa masa. Ya buɗe, ga ta nan da ruwan ƙasarta da kitsonta, a tsaye a kan dandamalin tasha tana ɗaga hannu. Ya daɗe a kan shafin. Ya ce waɗannan na ƙarshe ne, lokacin hannunta ya faɗa, har shi mai sana'a yakan yi mamaki. Ya ware su gefe. Sauran, waɗanda na goge, ya mayar cikin kwali ya turo mini da ƙafa a hankali, ya ce in tafi da su, shi ba shi da wurin ajiyewa.

Washegari na je wurin dattijon nan na maɗaba'a na gaya masa cewa ƙarya na yi masa, mai su bai sani ba. Ya ce ya gane tun ranar, daga yadda na amsa da sauri. Na tambaye shi me ya sa ya yanka. Ya ce ni ba yaro ba ne. Amma ya ce in karɓo sha ukun in kawo masa. Ya yi mako biyu yana aikinsu a lokacin hutunsa, ya manna wa kowane shafi siririyar takarda a gefe, ya ɗinke su da zare da allura ɗaya bayan ɗaya. Sun ɗan rage faɗi, kuma ba sa buɗuwa kamar dā, amma sun koma mujallu. Suna cikin kabad ɗin Kawu yanzu, a saman kayan sawarsa.

Na taɓa yi wa Kawu tayin in sake buga littafin, in mayar da yarinyar ruwan ƙasa a kwamfuta, in yi mata kitso, tunda ina da sha uku da zan kwaikwaya. Ya ce in ina so in yi, amma in san nawa ne, ba nata ba. Na gwada shafi biyu. Kalar ta fito sumul, babu inda aka danna babu inda aka sassauta. Ban buga ba.

Littafin mai sheƙi kuwa yana nan a gidan, jikokin Kawu sun karanta shi har bangon ya fara sakewa. Suna son sa ƙwarai. Ƙaramar cikinsu ta haddace garuruwan duka. Na tabbata da tsofaffin aka ba su, da kalolinsu uku da suka koɗe, da ba su kai shafi na biyar ba. Shi ya sa har yanzu ba zan iya cewa masu son a sake kala ba su da gaskiya ba. Mahaifiyata ma ai sake kala ta yi, kuma ta sha mari a kai. Sai dai ita ta ɗora nata ne a kan abin da ta tarar, kana iya hango ɗige-ɗigen maɗaba'a a ƙarƙashin fensirinta. Na fita daga rukunin ban yi wa kowa bayani ba. Wani daga cikinsu ya biyo ni ta waya yana roƙon sauran shafukan, na ce sun ɓace.

Yanzu ni nake kai Kawu asibitin ido duk wata, ɗansa ba ya samun fita daga aiki da safe. A hanya nakan tambaye shi game da ita, abin da ban taɓa yi ba a shekarun da suka wuce, shi kuma yana ba ni kaɗan-kaɗan. A zuwanmu na baya, muna tsaye a danja, ya ce mini ai bahaguwa ce tun tana ƙarama, kakarmu ce ta yi ta fama da ita har ta koma cin abinci da dama, amma fensir da hagu take riƙewa. Na ce ban sani ba. Ya ce ina zan sani, ai ban tambaya ba. Danja ta ba da hannu, na bayanmu ya yi oda, Kawu ya ce yalla mu je kada layin asibiti ya yi tsawo.